Wasiƙar godiya ga kamfanin da nake sayen zaren firintar 3D a wurinsa

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin in yaba wa ma'aikatanku masu kula da abokan ciniki, bisa haƙurin da suka yi da ni lokacin da aikina ya cije.

Na daɗe ina amfani da zaren PLA, wato wani nau'in robar da firintar ke narkarwa ta gina abu da ita, lafiya lau, amma da na koma wani nau'in mai suna PETG domin in buga wasu maƙalai da za su jure zafi, sai al'amura suka dagule. Duk abin da na buga sai ya fito da siraran zaruruwa kamar saƙar gizo-gizo, jikinsa kuma duk ƙuraje. Har na yanke shawarar sayen sabon bakin na'ura, wato inda narkakkiyar robar ke fitowa, wanda ku ma kuna sayarwa, amma injiniyar da ta amsa saƙona ta ce in dakata tukuna. Ta nemi in kasa kunne yayin da robar ke fitowa, in gaya mata ko ina jin wata 'yar ƙara, tas-tas, kuma lallai na ji. Ta bayyana mini cewa PETG yana shan danshin iska, kuma idan ruwan da ke cikinsa ya isa bakin mai zafi, sai ya zama tururi ya fashe, ya ɓata shimfiɗar. Na busar da naɗin zaren a digiri 65 na ma'aunin Celsius na tsawon awa 6, ƙarar ta ɗauke, ƙurajen suka ɓace.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta hana ni taɓa saiti biyu a lokaci guda, domin in san wanne ne ya yi magani. Ta sa na buga hasumiyar gwaji, wadda ake buga kowane matakinta da zafi daban, zafin bakin yana sauka daga digiri 250 zuwa 230, inda na gani da idona cewa matakin 235 ya fi tsabta. Sai bayan nan muka ƙara tsawon ja da bayan zaren kaɗan, wato yadda na'urar ke janye zaren baya don kada roba ta ɗiga yayin da bakin ke sauya wuri.

Ta kuma gargaɗe ni kada in matse shimfiɗar farko kamar yadda na saba da PLA, saboda PETG yakan manne wa farantin gilashi har ya ɓalle wani sashe nasa.

Maƙalan nan takwas suna aiki a halin yanzu, kuma har yau tsohon bakin na'urar nake amfani da shi. Don Allah a isar mata da godiyata ta musamman. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa kamfaninku albarka.

Naku,
Abokin cinikinku