Wasiƙa zuwa ga abokina a Alƙahira

Assalamu alaikum, Likita bokan Turai,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya karatu, ya sanyin Masar? Mu nan Kano hunturu ya kama, ƙura ta rufe gari. Inna na gaishe ka, ta ce ba ta manta da alkawarin dabino ba.

Ka tuna manhajar da na dame ka da zancenta tun da ƙanena ya faɗi a babur, aka yi ta barbaɗa wa ciwon magani a gida har ya ruɓe? To, na fara haɗa ta. Mutum zai ɗauki hoton rauni da wayarsa, ƙirƙirarriyar basira ta auna girmansa, ta ce masa ko wankewa da ɗaurewa sun isa, ko ya nufi asibiti yanzu-yanzu. Awon ma sai da ya ba ni wuya, don waya ba ta san daga nisan da aka ɗauki hoton ba. Na ce a riƙa ajiye katin ATM kusa da ciwon, tunda duk tsawonsu ɗaya, milimita 85.6. Kwana biyu ina murna kafin na tuna lambar katin za ta fito a hoto! Yanzu murfin kwalbar lemo muke sawa.

Abin da ya hana ni barci shi ne fata. Hotunan ciwo da ake samu a intanet don koyar da na'ura, yawancinsu na farar fata ne. A jikin Bature, in ciwo ya fara lalacewa gefensa ja yake yi, sai na'urar ta koyi neman jan nan. Mu kuwa, da ke rukuni na 5 da na 6 a ma'aunin launin fata da likitoci ke amfani da shi, wato mafi duhun fata na Fitzpatrick, wurin duhu yake ƙarawa, ya kumbura, ya yi sheƙi, ya ɗauki zafi. Zafin kuma hoto ba ya jin sa. Na gwada ta da wani gyambo wanda ko ni na san ya ɓaci, wallahi ta ce ba komai. Da ta yi wa wani wannan ƙaryar, gara ta riƙa tura mutane asibiti a banza, don haka na sa duk inda ta yi kokwanto ta ce a je a ga likita.

Karaya kam na cire ta. Kyamarar Tecno ba ta ganin ƙashi. Iyakar manhajar ta ce a yi hoton ƙashi, ko a tafi asibitin ƙashi na Dala, kafin a kai wa mai ɗori.

Ga roƙona: tambayar mini malamanka alamomin da suke dubawa a baƙar fata, na san kuna ganin 'yan Sudan da yawa. Hotunan mutanenmu kuma sai da izinin masu su, dokar kare bayanai ta 2023 ba ta wasa, shi ya sa nake tafiyar hawainiya.

Ka turo amsar ta murya a WhatsApp, rubutun likitoci ba ya karantuwa. Ka gai da 'yan ɗakinku.

Naka har kullum,
Abokinka na Kano