Ba kowane allon cikin kwamfuta ake zarewa tana kunne ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shekara 14 ke nan ina gyaran kwamfuta a Gusau. Makon jiya yaron shagona ya zare katin hoto, wato ƙaramin allon da ke fitar da hoto a sikirin, daga kwamfutar wani mai kafe tana kunne, wai ai haka yake zare filashi. Babban allon cikin kwamfutar, wanda ake soka katin a jikinsa, ya ƙone nan take, ni na biya.

Raina ya ɓaci, amma babu wanda ya taɓa nuna masa bambancin. Ku leƙa bakin filashi: cikin ƙarafa huɗun nan, biyun gefe masu ɗaukar wuta sun fi na tsakiya tsawo, don wuta ta riga bayanai shiga. Allunan manyan kwamfutocin saba (masu yi wa wasu kwamfutoci hidima) da aka ƙera don a sauya su ana cikin aiki sun wuce nan. Cikin ƙafafun ƙarfen da ke bakin allon, wadda ke kai wuta ƙasa ce doguwa, ita ke fara taɓawa, sannan wani transisto, wato ɗan makunnin lantarki, ya riƙa sakin wuta sannu a hankali har kafasito, 'yan ma'ajiyar wuta da ke kan allon, su cika, kada su zuƙe ta lokaci guda su durƙusar da sauran allunan. Ramin katin hoto na kwamfutar tebur ba shi da wannan kariya.

Ina roƙon malaman koyar da sana'a na Zamfara su nuna wa yaranmu ƙafafun nan ido da ido kafin su miƙa musu sukudireba.

Naku,
Wani mai gyaran kwamfuta,
Tudun Wada, Gusau