Babana, kafin ka je intabiyun nan na ranar Asabar

Assalamu alaikum Babana. Ka tashi lafiya? Ya murar, ta sake ka?

Na so in kira ka tun daren jiya amma na san halinmu ni da kai a waya, ina fara magana za ka ce "Umma na gane" alhali ko rabi ban kai ba, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, ka karanta a natse, in ma fushi za ka yi ka bari sai ka kai ƙarshe.

Saƙon kiran intabiyun aikin da ka turo min na karanta shi ya fi sau biyar. Na ga murnarka, wallahi nima da farko sai da na ce Alhamdulillah da ƙarfi, wata goma sha huɗu mutum na zaune da kwali a hannu ai ba wasa ba ne. Amma da na ɗauko tabarau na sake bin sa layi layi sai jikina ya yi sanyi. Duba da kanka. Babu sunan kamfani, sai "wani babban kamfanin ƙasa da ƙasa mai harkar lafiya da walwala". Wane ne shi? Mai neman ma'aikaci na gaske ai da sunansa yake fara tinƙaho. Sun ce manaja suke nema amma wai ba a buƙatar gogewa, to manajan me kenan. Albashi ba su faɗa ba, cewa suka yi "za ka iya samun har kaza a wata", kuma wannan "har" ɗin ita ce ƙofar da suke fita ta ciki ranar da ka zo ƙorafi. Lambar wayar ta mutum ɗaya ce, imel ɗin irin na kyauta ne da kowa zai buɗe cikin minti biyu. Sannan kai da bakinka ka ce ba ka tuna ka nemi aiki a wurin ba, su ne suka ce "an zaɓe ka". Can ƙasa kuma da ƙananan baƙaƙe an rubuta ka zo da shiga mai kyau, da littafin rubutu, da kuɗin rajista.

Bari in faɗa maka abin da za ka tarar ranar Asabar, in na yi ƙarya ka dawo ka faɗa min. Ba ofis za ka shiga ba, zaure ne na haya, kujerun roba a jere, ku kusan hamsin ko fiye kowa da fayil ɗinsa a hammata yana zaton shi kaɗai aka kira. Ba wanda zai buɗe takardunka. Za a saki kiɗa, wani saurayi mai kwat da agogo mai ƙyalli zai hau gaba ya ce a tafa, ya tambaya wa ya gaji da talauci, duk ku ɗaga hannu. Za a haska majigi, hoton mota, hoton wata a bakin teku, hoton wani yana riƙe da ƙaton ceki. Zai ce albashi bauta ne, digiri takarda ce, shi ma da yana yawo da fayil kamar ku. Awa biyu ana wannan kafin a ambaci abin da ake sayarwa, shi ma a gurguje. Daga nan a raba ku, kowa a haɗa shi da wanda ya gayyato shi, a ce ka biya yau domin garaɓasar yau za ta ƙare, in ka ce za ka je ka yi shawara da gida sai a ce maka masu nasara ba sa shawara da waɗanda ba su yi nasara ba. Ni kenan fa, uwarka.

Za ka ce ina na san duk wannan. Na zauna a irin kujerar ne. Kana aji uku na firamare lokacin, ba za ka tuna ba, ko kuma za ka tuna katan-katan ɗin da ke ƙarƙashin gadona da nake hana ku taɓawa. Wata abokiyar aikina ce ta ja ni, mutuniyar kirki, ita ma jan ta aka yi. Na biya kuɗin shiga, aka ba ni kayan farawa, maganin ƙarin kuzari da su man shafawa. Abin da ba a faɗa min a zauren ba shi ne duk wata sai na sayi kaya na wani adadi kafin a ce ina "aiki", in ban saya ba kamashon watan ya wuce ni. Kayan kuma tsada gare su, ba mai hankalin da zai bar irinsu masu sauƙi a kanti ya sayi nawa sai don kunya. Wata na farko 'yan uwa suka saya don kara, wata na biyu suka fara cewa wancan bai ƙare ba, wata na uku ni ce nake sayen kayana da albashina don kada sunana ya faɗo. Ranar da aka turo min kamashon farko na yi ta murna ina nuna wa babanku, shi kuwa ya ɗauko biro ya ce to cire abin da kika kashe. Ban yi masa magana ba kwana biyu.

Kuɗin bai dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. Wadda take samana a tsarin ta zaunar da ni ta ce in rubuta sunan mutum ɗari da na sani, 'yan uwa, ƙawaye, iyayen ɗalibaina, kowa. Na rubuta. Ta koya min yadda zan kira su, kada in faɗi ko menene a waya, in ce dai akwai wata dama da nake so mu tattauna. Mutum huɗu na shigar. Ɗaya a cikinsu aminiyata ce tun ta ƙuruciya, mijinta bai daɗe da rasuwa ba, ta sa ɗan abin da ya rage mata saboda ni ce na ce mata. Ba ta taɓa yi min gori ba, ko sau ɗaya, amma daga shekarar gaisuwa ce kawai tsakaninmu, kuma har yau in na hango ta sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kayan nan wa'adinsu ya ƙare a ƙarƙashin gado, da dare na fitar da su na zubar don kada maƙwabta su gani.

To ka ga abin da suke nema a wurinka kenan. Ba iliminka ba, lambobin da ke cikin wayarka, da yardar da mutane suka yi maka.

Abin haushin ni malamar lissafi ce, shekara da shekaru ina koya wa yara ninkin lamba a allo amma ban yi wa kaina ba sai da ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Kai yi yanzu. A ce kowa zai kawo mutum 6. Hawa na farko 6, na biyu 36, na uku 216, na huɗu 1,296. Ci gaba da ninkawa, kana zuwa hawa na 10 ka haura miliyan 60, a hawa na 13 kana buƙatar sama da mutum biliyan 13, duniyar kuma gaba ɗayanta a ƙarshen 2022 ta cika biliyan 8, da jarirai da tsofaffi. Kuma ba sai an kai can ba. Ko a wane hawa aka tsaya, mutanen da ke layin ƙarshe, waɗanda ba su da kowa a ƙarƙashinsu, su ne wajen kashi 83 cikin 100 na duk waɗanda suka shiga. Ba lalaci ne ya sa su a can ba, haka ginin yake, dole ƙasa ta fi sama faɗi shi ya sa ake ce masa dala. Amma in ka kasa za su ce maka kai ne ba ka dage ba, ba ka yi imani da kanka ba, ka sayi tikitin taron horo na gaba. Shi ma da kuɗinka.

Bayan abin ya wuce na zama kamar mai ciwon da ya koma likitan kansa, duk inda na ga labarin irin kamfanonin nan sai na karanta. A Amurka akwai hukumar da ke kula da cinikayya da kare masu saye, FTC. A 2015 ta kai wani kamfani mai suna Vemma kotu, lemon ƙara kuzari yake sayarwa, kuma ɗaliban jami'a da matasa sa'anninka ya fi farauta, da hotunan motoci masu tsada da zancen cewa karatu ɓata lokaci ne. A 2016 Herbalife, wanda duk duniya an san shi, ya amince ya biya dala miliyan 200 ya kuma sake tsarin yadda yake biyan mutanensa, ya zama ana duba cinikin gaske da aka yi wa masu saye. A 2019 AdvoCare ya biya dala miliyan 150 aka kuma hana shi wannan tsari na hawa-hawa kwata-kwata. Waɗannan fa masu ofis ne da lauyoyi da suna, ina ga wanda ko sunansa ya kasa rubutawa a saƙo.

Wanda ya fi tsaya min a rai na ƙasar Sin ne. Su tun 1998 suka haramta harkar, da suka sassauta a 2005 ma ba su yarda da biyan kamasho hawa-hawa ba, to sai masu yi suka koma ɓoye suna saka tallan aikin ƙarya a intanet. A 2017 wani yaro da bai daɗe da gama jami'a ba ya ga tallan aikin kwamfuta a wata manhajar neman aiki, ya hau jirgin ƙasa ya tafi Tianjin da murnarsa, ashe 'yan wannan tsari na dala ne. Gawarsa aka tsinta a cikin wani kududdufi. Ba ina cewa haka za ta faru da kai ba, Allah ya tsare, amma daga ranar na ɗauki alkawari duk ɗana da aka kira aiki a wani gari, aka ce ya zo shi kaɗai akwai masauki, ya taho da kuɗin horo, to sai na san sunan kamfanin da adireshinsa da wanda zai tare shi. Wasu ana karɓe musu waya da takardu ana isa, a sa su kira gida su ce aiki ya samu a turo kuɗi.

Kar ka ce Umma ta yi wa kowa kuɗin goro. Sayar da kaya hannu da hannu sana'a ce, kuma aikin kamasho halal ɗinsa ake ci, akwai masu rufa wa kansu asiri da shi. Ko ita hukumar Amurkan a 1979 ta yanke cewa wani kamfani mai suna Amway ba tsarin dala ba ne, saboda sharuɗɗan da ya ce yana bi, wato mutum ya sayar da kashi 70 cikin 100 na kayan da ya ɗauka a wata kafin a biya shi kamasho, ya sayar wa aƙalla mutum 10 a wata, kuma kamfani ya karɓi kayan da suka kwanta ya mayar da kuɗi. Tun daga nan kowa ya koyi rubuta irin wannan a takarda, bin sa ne ba kowa ba. Ni dai abin da nake dubawa ɗaya ne, kuɗin da ake rabawa daga ina yake fitowa, daga aljihun mai sayen kaya don yana so, ko daga aljihun sabon shiga. Sannan ko da na halal ɗin ne, me ya sa za a kira shi aiki a ce intabiyu? Wanda ya fara maka da ƙarya tun a bakin ƙofa, me kake zaton zai faɗa maka a cikin ɗaki.

In ka ce sai ka je, ban hana ka ba, kai ba yaro ba ne, gani ya kori ji. Amma ka bar katin banki a gida, kuɗin mota kawai. Kar ka ba kowa asalin takardunka, kar ka sa hannu a komai ranar. Ka tambaye su sunan kamfani cikakke da lambar rajistarsa, ka bincika da kanka, ka rubuta sunan a Google ka ƙara kalmar damfara ko ƙorafi a gaba ka ga me zai fito. Ka ce albashi nawa ne tsayayye in ban kawo kowa ba. Ka ce in ban sayi kaya wannan watan ba me zai faru, in na fasa za a karɓi kayan a ba ni kuɗina? Ka ce su nuna maka a rubuce abin da matsakaicin mutum yake samu a shekara bayan an cire abin da ya kashe, ba na tauraron da ke kan majigi ba. Ka lura da fuskar mai amsawa. In ya yi dariya ya dafa kafaɗarka ya ce kana da tunanin talaka, ka ɗauki fayil ɗinka.

Shi kuma abokin naka da ya ba su lambarka, don na tabbata wani ne ya bayar, kar ka yi faɗa da shi. Mai yiwuwa yanzu haka katan na nan ƙarƙashin gadonsa kuma wata ya kusa ƙarewa, ni na san yadda wannan daren yake.

Na san abin da ke cin ka Babana. Na ga yadda kake shigewa ɗaki in baƙi sun zo don kada a ce ya ake ciki, na ga ka daina shiga zauren 'yan ajinku na WhatsApp tun da wani a cikinku ya saka hoton katin aikinsa. Su ma masu saƙon nan sun san da wannan, shi ya sa ba sa tura wa mai aiki, ku suke bi. Ni ban gaji da kai ba, babanku ma bai gaji ba ko da yake ba ya faɗa, jiya ma shi ya ce in tambaye ka kwas ɗin nan na wata uku da ka taɓa magana, har yanzu ana ɗauka? In ana ɗauka ka turo min bayanin, gara kuɗin su tafi can.

Ka kira ni kafin Asabar ɗin. Kuma ka riƙa shan maganin murar nan har ya ƙare, na san ka, kana jin sauƙi za ka ajiye.

Ummanka