Zuwa ga ɗana da ya tambaye ni a rediyo: me ya kai gidauniya gidan gwamnati?

Assalamu alaikum ɗana,

Ranar da aka gayyace ni shirin lafiya a rediyo ka bugo waya lokaci ya kusa ƙarewa, ka ce, "Mama, in dai da gaske su Bill Gates da Dangote talaka suke son taimakawa, me ya kai gidauniyoyinsu gidan gwamnati? Su gina asibiti su raba magani mana, amma kullum sai a gan su da gwamnoni ana sa hannu a takarda, har suna faɗa wa gwamnati yadda za ta kashe kuɗinta." Ban ko buɗe baki ba aka katse mu da talla. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto maka, don tambayar nan ta fi ƙarfin minti biyu, kuma wallahi rabinta ina bayanka.

Ni dai ka sani a rigakafi na yi aikina, tun ina rataye kula, wato akwatin sanyin allura, ina bin gida gida har na zama mai duba ƙungiyoyi, to da abin da idona ya gani zan fara. Allurar rigakafi ba buhun shinkafa ba ce da za ka sauke a ƙofar mai unguwa a ɗau hoto ka tafi. Sanyi take so tun daga babban sito har ta shiga cinyar jariri, in firij ya mutu ta sha zafi to wata ta zama ruwa kawai, kuma uwar da ta biyo rana da goyo ba za ta sani ba. Akwai wani ƙaramin asibiti da na riƙa zuwa, firij sabo dal wasu masu taimako suka kawo, amma wata da watanni a kashe saboda ba kuɗin man janareta, babur ɗin ɗauko allura shi ma ba taya, ma'aikaciyar kuma tana bin albashi. Wanda ya kawo firij ɗin ya yi nasa ya tafi, ladansa na wajen Allah, amma mai da taya da albashi na gwamnati ne. Kuma jariri ba ya jira, ana haihuwarsa akwai allura, sati 6 akwai, sati 10, sati 14, wata 9 ta ƙyanda, gobe a haifi wani a sake daga farko, a ƙananan hukumomi 44 na Kano kaɗai, balle 774 na ƙasa. Wane attajiri ne zai ɗauki wannan har abada?

To abin da ya kai su gidan gwamnati kenan. A ƙarshen 2012, zamanin Kwankwaso, gwamnatin Kano da gidauniyar Gates da ta Dangote suka sa hannu kan yarjejeniyar rigakafin yau da kullum. Asusu ɗaya aka buɗe kowa ya zuba, da sharaɗin kason gidauniyoyin zai riƙa raguwa shekara shekara na jiha yana ƙaruwa har jiha ta ɗauki kayanta gaba ɗaya, kuma kuɗin ya riƙa sauka a akawun ɗin asibitoci maimakon ya yi ta yawo daga ofis zuwa ofis yana ramewa a hanya. Daga baya Bauchi ta shiga, sannan Borno da Kaduna da Sakkwato da Yobe. Abin da ya fi burge mu ma ba kuɗin ba ne, mitin ɗin bita ne da aka riƙa yi da gwamna da kansa, su Dangote da Gates suna kan layi, a buɗe alƙaluma a ce ƙaramar hukuma kaza ba ta fita ba, jiha ba ta saki kasonta ba. Kai ɗana, fayil ɗin da mu za mu yi wata shida muna bi, in mitin ɗin nan ya matso cikin sati ɗaya ake sa masa hannu.

Maganar tsoma baki a manufofin gwamnati kuwa, eh suna yi, ba a ɓoye ba ma. A 2009 Gates ya zo aka tara gwamnoni a Abuja suka ɗau alkawarin kawar da shan inna a rubuce, a shekarar ce kuma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya a matakin farko, wanda a ganina shi ya buɗe mana ƙofofin da suka fi wuya, don mai gida zai iya korata amma ba zai kori dagaci ba. A Maris 2018 Gates ya tsaya gaban majalisar tattalin arziki ta ƙasa, gwamnoni na zaune, ya ce tsarin farfaɗo da tattalin arzikin gwamnatin Buhari ya fi karkata ga gine gine fiye da gina mutane, aka yi ta ka ce na ce. Har da dabarar bashi suka yi, Japan ta ranta wa Najeriya dala miliyan 76 don yaƙi da foliyo, wato shan inna, gidauniyar Gates ta ce in an cika sharaɗin yawan yaran da aka yi wa ita za ta biya, aka cika, ta ɗauki biyan. Wani abin da mutane ba su sani ba, dokar Amurka ta hana irin wannan gidauniya mai zaman kanta kamun ƙafa kai tsaye don a zartar da wata doka takamaimai, shi ya sa za ka ga hanyarsu ita ce bincike da alƙaluma da ɗaukar nauyin ƙwararru a ma'aikatu da tallafa wa ƙungiyoyi su wayar da kai. Tsoma bakin dai yana nan, rigar ce daban.

An kuma ci riba, ba zan yi ƙarya ba. Yaro na ƙarshe da foliyon daji, wato asalin ƙwayar cutar, ta kama a Najeriya a Borno ne a 2016, ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Na yi kuka ranar, na tuna mata tara masu aikin ɗigo da aka harbe a Kano a Fabrairun 2013, Allah ya jiƙansu.

Yanzu ga inda nake tare da kai. Zarginka bai faɗo daga sama ba. Kano ba ta manta 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya haɗa yara 200, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a sai 2009 aka sasanta da jiha kan dala miliyan 75. Wannan tabon na cikin abin da ya sa aka dakatar da ɗigon foliyo a 2003 zamanin Shekarau, sai Yulin 2004 aka dawo da wanda aka sayo daga Indonesiya. Kuma ko bayan an dawo, tambayar da ta fi ƙona min rai ita ce ta wani magidanci da ya tare ƙofa ya ce, Hajiya kullum ku ne da ɗigo kyauta har gado, amma jiya yarona ya kwana yana zazzaɓi na je asibiti ko farasitamol sai na saya. Me zan ce masa? Gaskiya ya faɗa. Mai kuɗi ya zaɓi cutar da yake son ganin bayanta, gwamnati ta bi shi, ma'aikata suka bi alawus ɗin kamfen, asibiti ya zama kango ranar da aka fita ɗigo. Ita kanta yarjejeniyar 2012 gyaran wannan ɓarakar ce aka so yi, amma duk da haka a 2023 mashaƙo ya ɓarke, Kano ce ta fi kowa jin jiki, cutar da allurar sati 6 da 10 da 14 ke karewa.

Abin da ke damuna ba zamansu da gwamna ba ne, yadda gwamna ke jin maganarsu fiye da tamu ne. Ba mu zaɓe su ba, ba za mu iya sauke su ba, in sun yi kuskure ba majalisar da za ta kira su. Shugabannin Afirka da bakinsu suka yi alkawari a Abuja a 2001 za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, gwamnatin tarayya har yau ba ta kai ba, sai baƙo ya zo ya tuna mana. Baƙon kuma raɓa ne, a 2025 mun ga yadda Amurka ta rushe USAID, hukumarta ta tallafa wa ƙasashen waje, ayyuka suka tsaya cak, Gates ma ya sanar zai rufe gidauniyarsa a 2045. Su kuma attajiranmu, Allah ya saka musu da shinkafar azumi da kujerar Makka, amma nawa ne cikinsu za su ce wa gwamna ga nawa, ina naka, mu haɗu bayan wata shida a duba?

Tunda ka iya bugo waya ka yi tambaya mai zafi, ga aikin da zan ba ka. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko, sai a kasafin 2018 aka fara sa shi bayan ƙungiyoyi sun yi ta matsa lamba, kuma a tsarin wani kaso yana sauka ne a akawun ɗin asibitin mazaɓa da aka zaɓa. Je ka nemi kwamitin ci gaban mazaɓarku, tambayi shugaban asibitin nawa ya shigo a wata ukun da suka wuce, me aka saya, sannan ka roƙa a buɗe maka firij ka sa hannu ka ji ko da sanyi. Ka gaida mahaifiyarka, in Allah ya kai mu shirin gaba ka bugo da wuri ka faɗa min abin da ka tarar.

Mamanka ta rigakafi,
daga Kano