Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kamfanin Da Ya Shimfiɗa Mini Audugar Gilashi A Silin

Zuwa ga Manaja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ranka ya daɗe, na fito fili da maganar nan ne don na gaji da jin "yaranmu na nan tafe". Sau uku ina taka ƙafa zuwa ofishinku, har yau ko ƙeyar mutum ɗaya ban gani ba.

Gidana rufin kwano ne, a Rijiyar Zaki. Kowa ya san Kano a watan Afrilu: zafi ya haura digiri 40, kwano ya sha rana tun hantsi, da dare silin ya riƙa sako wa mutum tururi kamar an kifa masa tukunya. Fanka ma iskar zafi take juyawa, in an ci sa'a akwai wuta ke nan. A gidan ƙasa mai rufin azara na tashi, a cikin birni, inda ɗaki ke da sanyi da tsakar rana, shi ya sa da kuka ce za ku shimfiɗa audugar gilashi a bayan silin ta tare zafin kwano ban yi gardama ba. Muka rubuta yarjejeniya: kaurin inci 4, da takardar alminiyam mai ƙyalli a ƙarƙashin kwano. Na biya lakadan.

Tun ranar aikin jikina ya ba ni. Yara biyu kuka turo, ba takunkumi, ba safar hannu, alhali abin nan zaren gilashi ne mai shiga fata da maƙogwaro. Ƙaramin ya sauko idanu jawur, yana susa kamar wanda ƙaiƙayi ya zuba wa, sai uwargida ce ta ba shi ruwa da sabulu. Babban kuma ya saki katako ya taka POP, ƙafarsa ta ɓullo tsakiyar falo. Ramin yana nan, da kwali na toshe shi, kuma ta gefensa burbushin audugar ke zubo mana.

Duk wannan da sauƙi. Makon jiya muka fara jin ƙaurin roba a ɗakin yara, fitila tana ta ƙifta ido. Na kira mai gyaran wuta, ya hau da tocila, bai yi minti biyar ba ya leƙo ya ce, "Alhaji, a kashe wutar gidan nan tukuna." Na bi shi na gani da idona. An lulluɓe bayan fitilun silin ruf, an binne mahaɗar wayoyi da ko akwati ba ta da shi, robar wata waya har ta yi laushi ta fara baƙi. Ita audugar ba ta saurin kamawa da wuta, amma aikinta ke nan riƙe zafi. Wayar da aka binne ba ta da inda za ta huce, ga busasshen katako a gefenta, ga yarana suna barci a ƙasa.

Da na sa awo, inci 2 na samu. Wani wurin ma an danne ta da ragowar katako, alhali iskar da ke cikinta ce ke tare zafin, in aka matse ta amfaninta ya ragu. Takardar alminiyam kuwa an manna ta jikin kwano, ba a bar mata ratar ko inci 1 ba, kuma sai da wannan rata take mayar da zafi. Har kafofin shan iska na bakin rufi an cusa wa auduga.

Ku turo wanda ya san aikin tare da mai gyaran wuta, a buɗe wa fitilu da wayoyi wuri, a cike kaurin da na biya, a gyara silin ɗin falo. Damina ta ƙarato, kuma akwai ƙusar da ke yoyo a saman ɗakin girki, wadda kuka ce za ku toshe kafin shimfiɗa. Audugar nan in ta jiƙe sai dai ta zame wa silin kaya.

Na ba ku mako biyu. In ban gan ku ba, zan kai rasit da takardar yarjejeniya da hotunan da na ɗauka gaban Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya ta Jihar Kano. Kafin nan, ɗakin yara a kulle yake, a falo suke kwana.

Wassalam,
Wani magidanci, Rijiyar Zaki, Kano.