Zuwa ga ɗiyata, kan wannan karatun naku na intanet

Assalamu alaikum Uwata,

Da fatan kina lafiya, ya karatu, ya zafin Dutsin-ma? Mu nan Katsina lafiya lau, mamanki da ƙannenki duk suna gaishe ki.

Mamanki ta faɗa mani kin shiga wani guruf na ɗalibai a intanet, ke da 'yan Kenya da Indiya da Barazil, kuna haɗuwa ta Zoom kuna karatu tare kan sauyin yanayi da yunwa da matsalar ruwa, kuma wai kina tunanin fita saboda in an fara magana shiru kike yi, kina ganin Turancinsu ya fi naki kuma ba ki da abin da za ki ƙara masu. To Uwata kar ki fita, don Allah. Ni ban yarda ba ki da abin faɗa ba, kuma bari ki ji dalili.

Muradun nan na ci gaba mai ɗorewa guda 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 ana son a cim masu kafin 2030, kawar da talauci, kawar da yunwa, ruwa mai tsafta, yaƙi da sauyin yanayi, ai in kin duba da kyau rabinsu labarin ƙofar gidanmu ne. Wasu daga cikin abokan karatun naki a allon kwamfuta suka san kwararowar hamada, ke ko kin taso kina ganin yadda rairayi ke cin gonaki ta wajen Kaita da Mai'aduwa, kin san abin da ake nufi in aka ce an yi shuka ruwa ya ɗauke an sake wata, kin san yadda ambaliyar Jibiya ta 2018 ta ci rayuka da gidaje a dare ɗaya. Katsina na cikin jihohi 11 na Najeriya da aka sa a shirin nan na ganuwar itatuwa da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007, wadda ake son ta taso daga Senegal har Jibuti, wajen kilomita 8,000. Kin ga kenan abin da suke karantawa a kanki yake faruwa.

Ga wani abu da nake so ki kai masu, ni tun ina aikin malamin gona yake burge ni. Nan Maraɗi, da kin bi ta Jibiya kin wuce Ɗan Isa kin isa, bayan farin da aka yi a shekarun 1970 ƙasar ta zama fili fetal, aka yi ta kawo dashen itatuwa ana kashe kuɗi, yawanci suna mutuwa. Wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, a 1983 ya lura cewa 'yan tsirran nan da manomi ke sassabewa duk shekara ba ciyayi ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa, in aka bar reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi aka sare sauran aka kiyaye su daga dabbobi to itace zai tashi da kanshi, ba ban ruwa ba sayen iri. Amma fa manoman Maraɗi da Damagaram su suka ɗauki abin suka yaɗa shi gona zuwa gona, Hausawa 'yan uwanmu, har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 ta farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a Nijar. Yawanci kuma gawo ne, wanda kin san halinshi, da damina yake zubar da ganye ya bar gero ya sha rana ga taki a gindinshi, da rani kuma ya yi kore dabbobi su samu abin ci. Haka shi ma marigayi Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, manomi ne, ramuka ya riƙa tonawa a ƙeƙasasshiyar ƙasa yana zuba taki tun kafin ruwa ya sauka har ya maida fako ya zama daji, a 2018 aka ba su lambar yabo ta duniya shi da Rinaudo a ƙasar Suwidin. Yanzu wannan dabarar ta renon kututture ana koyar da ita a ƙasashe da dama. Daga ina ta fito? Daga gonar gero irin ta kakanki.

Saboda haka in an ba ku aikin haɗin gwiwa kar ki tsaya kwafo abin da kowa zai iya samu a Google. Ki kira kawunki na ƙauye ki tambaye shi yaushe ruwa ke sauka a da, yaushe yake sauka yanzu, wane irin gero suka bari wane suka koma, rijiya gaba nawa ake tonawa kafin a tadda ruwa, ki tambayi mata nisan da suke yi neman itacen girki da nawa buhun gawayi ya kai. Ki rubuta da sunan gari da shekara, ki ɗau hoto in sun yarda, in ba su yarda ba ki bari. Wannan shi ne abin da ɗan Indiya ba shi da shi sai ta hannunki, ke kuma ki karɓi nashi, don su ma suna da dabarun tara ruwan sama da za su yi mana amfani. Turanci kuma da yi ake iyawa, ki rubuta abin da za ki faɗa tun kafin a fara, ki karanta a hankali, ba wanda zai kore ki.

Maganar satifiket, na san yaran yanzu kuna son tara su, na shafukan koyon karatu ta intanet irin su Coursera da edX da sauransu. Ba laifi, akwai darussan da ake iya bi kyauta kuma wasu daga manyan jami'o'i suke. Ni dai na fi son ki gama kwas ɗaya ki iya shi har ki koya ma ƙannenki da Hausa, da ki yi rajistar goma ki watsar. Kuma abin da kika fahimta ki daure ki rubuta shi da Hausa ko a Wikipedia ta Hausa ne, don manomin da abin ya fi shafa ba zai shiga Zoom ba, ɗanshi ne zai karanta mashi a waya.

Sai kuma kiyaye kai, wannan ba wasa a ciki. Duk wanda ya ce ki turo kuɗi don a ba ki tallafin karatu ko gurbin taro a waje, ko ya nemi BVN ɗinki ko lambar da banki ya turo maki, ɓarawo ne ko da wane irin tambari ya zo. Wanda ya baro guruf ya biyo ki ta gefe da hirar da ba ta karatu ba ki rufe shi, ki gaya ma masu kula da guruf ɗin, ki gaya mani. Za ki haɗu da masu addini daban da ma marasa addini, ki girmama kowa ki yi aiki da kowa kan abin da ya haɗa ku, ba sai kin shiga gardama ba kuma ba sai kin sauke tarbiyyarki don a karɓe ki ba. In lokacin haɗuwarsu ya faɗo kan sallah ko tsakar dare saboda bambancin agogo, ki faɗa masu kai tsaye a gyara ko a aje maki rikodin, haƙƙinki ne. Kuma karatun jami'arki shi ne gaba, kar wannan ya ci lokacin jarabawa.

Zan riƙa ƙara maki wani abu duk wata saboda data, in bai isa ba ki yi magana kar ki ji nauyi. In kin zo hutu ki taho da tambayoyinki a rubuce, in hanya ta yi lafiya mu je wajen kawun naki tare ki ga gawon da ya bari a gonarshi da idonki, in kuma ba hali sai mu sa a kira shi ya shigo gari.

Allah ya yi maki albarka, ya tsare mani ke.

Babanki