Koke ga Mai Martaba Sarkin Bauchi kan Tsohuwar Tashar Jirgin Ƙasa da Tarihinta

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Bauchi,
Alhaji Dokta Rilwanu Sulaiman Adamu,
Fadar Sarki, Bauchi.

Ta hannun hakiminmu da masu unguwanninmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarki. Bayan gaisuwa da ban girma irin ta talakawa ga ubansu, mu ne mazauna unguwar Reluwe da kewayenta: tsofaffin ma'aikatan jirgi da suka yi ritaya, da 'ya'yansu da jikokinsu, da 'yan kasuwar da ke cin abinci a gefen tasha, da wasu malaman makaranta da suka mara mana baya. Mun kawo kuka ne kan tashar jirgin ƙasa ta Bauchi da layin dogon da ya ratsa ƙasar Mai Martaba.

Ba mu zo roƙon a dawo da jirgi ba. Mun san wannan magana ce ta Abuja, kuma tun watan Maris na 2021 aka ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, muna nan muna sauraron ranar da zai iso mu. Abin da ya kawo mu shi ne wanda ke hannun gida: kayan tarihin da ake kwashewa, da takardun da ke ruɓewa, da dattawan da ke tafiya ɗaya bayan ɗaya da abin da suka sani.

Ranka ya daɗe, da yawa cikin yaranmu sun ɗauka Turawan mulki ne suka shimfiɗa wannan dogo suka tafi. Ba haka ba ne. Jirgi ya isa Kano tun 1911, ya isa Jos ta layin gabas a 1927, amma Bauchi sai da ta jira har bayan samun 'yancin kai. A 1958 aka fara aikin daga Kuru kusa da Jos, da rancen dala miliyan 28 daga Bankin Duniya, wanda shi ne rance na farko da bankin ya ba Nijeriya. Dogo ya iso Bauchi a 1961, ya kai Gombe a 1963, ya tiƙe a Maiduguri a 1964, tafiyar mil 400 ke nan. Duk wannan ya faru ne lokacin da ɗan garin nan, marigayi Sir Abubakar Tafawa Balewa, yake Firayim Minista, bayan ya riƙe ma'aikatar sufuri kafin nan. Baƙi suna zuwa ziyarar kabarinsa, suna kallon kayansa da aka adana, amma babu mai ce musu ga wani babban aikin zamaninsa can a cikin gari ɗaya, ciyawa na cinye shi.

Akwai kuma darasi a maƙwabta. An taɓa yin wani siririn layi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru don ɗaukar kuza, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6. Da sunan Bauchi ake kiransa, domin a lokacin tsaunukan Jos suna cikin Lardin Bauchi, ko da yake bai taɓa tako garin nan ba. An rufe shi a 1957. Yau in mutum yana son ganin wani abu nasa, sai ya je gidan tarihi na Jos, inda aka ajiye abin da aka samu aka tsirar. Sauran ya bi ruwa. Da ba a samu waɗanda suka ce a ajiye ba, da ko wannan ɗin babu.

Abin da muke gani a wajenmu ya kasu biyu, kuma na biyun ya fi ba mu tsoro.

Na farko sata ce. Ana kwance ƙusoshi da ƙarafan da ke riƙe dogo, a yanka dogon gunduwa-gunduwa da wutar walda, a loda cikin dare, a sayar a kan kilo. Ba muna zargin duk masu sana'ar gwangwan ba ne, akwai 'ya'yanmu a cikinsu da ke neman halak, amma ƙarfen dogo ba ya ɓoyuwa, duk wanda ya saya ya san abin da ya saya. Duk wanda ya sunkuya ya goge tsatsar gefen dogo zai ga sunan masana'antar da ta ƙera shi da shekarar da aka ƙera shi, an fito da su a jikin ƙarfen. Wannan shaida ce da ba ta bukatar takarda. Idan ta shiga tukunyar narka ƙarfe ta fito rodi, shi ke nan.

Na biyu shi ne gyaran da muke ɗokin zuwansa. Ɗan kwangila aikinsa ya cire tsoho ya sa sabo, kuma ba za a ga laifinsa ba. Ranar da katafila ta iso, tsohon allon sunan tasha, da ma'aunin kaya, da sandunan juya layi, da tagar sayar da tikiti, duk tarkace ne a idonsa in ba a riga an rubuta cewa a bar su ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai kuma mutane, waɗanda su ne suka fi damunmu. Wanda ya kama aiki yana saurayi lokacin da jirgi ya fara shigowa Bauchi yanzu ya haura shekara 80. Akwai wani dattijo a cikinmu da ya yi aikin ba jirgi hanya. In ya zauna yana bayani, sai ka ga matasa sun yi tsit. Layi ɗaya ne tak, mai tafiya da mai dawowa a kansa suke bi, to ta yaya ba sa karo? Ya ce direba ba ya barin tasha sai an miƙa masa wata alama ta ƙarfe da aka zaro daga na'ura, kuma na'urar ba ta sakin wata sai an mayar da ta farkon a tasha ta gaba. Yana faɗa yana nuna yadda ake ɗaga hannu a miƙa wa direba, da yadda ake buga ƙararrawa a sanar da tashar gaba. Babu inda aka rubuta wannan da Hausa. Haka akwai tsofaffin 'yan dako da suka san lokacin lodin gyaɗa da auduga da fatu, da fataken shanu da suka riƙa bin dabbobinsu a tarago zuwa kudu, da matan da suka aurar da 'ya'ya da kuɗin abincin da suka sayar wa fasinja. Akwai masu tuna yadda yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yanke hanyar Fatakwal, layin bai fi shekara uku da kammaluwa ba. Ita kanta unguwarmu jirgi ne ya haife ta, shi ya tara Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Babarbare da Tibi a kwatas ɗaya.

Saboda haka muke roƙon Mai Martaba, da farko, ya umarci hakimai da dagatai da masu unguwannin da dogo ya ratsa ƙasarsu su ɗauke shi amana. Kowane mai unguwa ya san iyakarsa, ya san baƙuwar mota in ta tsaya da dare. A kira shugabannin masu sayen ƙarfe a ja musu kunne a gaban Sarki, domin maganar da aka yi a fada ta fi sanarwar rediyo shiga jiki.

Muna kuma roƙon Sarki ya sa baki wajen Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, wadda ita ce mai tashar, da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, da gwamnatin jiha, a zo a ƙirga abin da ya rage, a ɗauki hotonsa, a rubuta wanda ba za a taɓa ba, sannan a ware ko da ɗaki biyu ne a tashar a mayar da su wurin adana tarihin jirgi. Ba sabon abu muke nema ba. A Ebute Metta ta Legas an gyara wani tsohon gidan reluwe an mai da shi gidan tarihi. A nan gida ma, gidan da shahararren magini Babban Gwani ya gina a Kafin Madaki yana cikin kayan tarihin da ƙasa ta ɗauki nauyin karewa. Kuma tun da aka gyara tsarin mulki a 2023 jihohi suka samu hurumi a harkar jirgin ƙasa, ba a ce wa jiha ba ruwanta.

Roƙonmu na ƙarshe shi ya fi gaggawa kuma shi ya fi araha. Sarki ya yi wa manyan makarantunmu magana, Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da sauransu, su turo malamai da ɗalibai su naɗi muryoyin dattawan nan, kowa da harshen da ya fi sakewa da shi. Wayar hannu ma ta isa. Wasu kuma su je Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa, wato cibiyar binciken tarihi ta Arewa House, su binciko abin da aka rubuta kan Lardin Bauchi da shimfiɗa wannan layi: garuruwan da suka ba da leburori, da gonakin da dogo ya ci, da yadda aka yi da masu su. A ajiye kwafi a fada, a ajiye a tasha.

Mu ma ba za mu naɗe hannu ba. A gidajenmu akwai katin shaidar aiki, da takardun ƙarin girma, da hulunan aiki, da fitilar hannu mai gilashi ja da kore, da hotunan da suka fara dusashewa. Iyalai da dama sun ce za su bayar, amma sai in fada ce ta tsaya a kai, domin suna tsoron su ba da kayan ubansu gobe su gan shi a kasuwa. Mun tattara sunayen dattawan da suka yarda a yi hira da su, mun sa waɗanda jikinsu ya fi rauni a sama. Duk ranar da Mai Martaba ya ba mu izini, za mu zo da takardar da wakilanmu.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana, ya zaunar da ƙasar Bauchi lafiya, amin.

Mu ne masu biyayya,
Tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa da iyalansu, da mazauna unguwar Reluwe, Bauchi.
Sa hannunmu da dangwalen yatsunmu suna haɗe da wannan takarda.